"Par for the course": yadda lissafin filin golf ya zama maganar wanda ya saba da abu

Duk mai bin jaridun Birtaniya ko na Amurka ba zai daɗe ba zai ci karo da furucin nan "par for the course". Jirgin ƙasa ya makara, fasinja ya ɗaga kafaɗa ya faɗe shi. Ɗan siyasa ya saɓa alkawari, mai sharhi ya rubuta shi. Ma'anarsa a dunƙule ita ce abin da ya faru shi ne daidai abin da ake tsammani a irin wannan wuri ko daga irin wannan mutum, ba yau farau ba, babu abin mamaki. Galibi kuma abin da ake magana a kansa ba mai daɗi ba ne. Kowane ƙamus zai ba ka wannan a layi ɗaya, amma hakan bai hana ɗalibai da masu fassara tuntuɓe da furucin ba, domin akwai lissafi a ƙarƙashinsa, kuma lissafin na wasan golf ne, wanda wasu kafofin labarai na Hausa ke kira ƙwallon lambu.

Yadda ake ƙirga bugu

Cikakken filin golf ramuka 18 gare shi. Kowane rami yana da wurin tashi, inda ɗan wasa ke ɗora ƙwallo a kan 'yar ƙusa ya yi bugun farko, da doguwar hanya mai gajeriyar ciyawa, sai dandali mai ciyawa sumul a ƙarshe, inda ramin kansa yake. Faɗin bakin ramin santimita 10.8 ne kacal. A gefen hanya akwai doguwar ciyawa, da kwarurrukan yashi, wani wurin da tafki ko rafi. Ɗan wasa ba ya ɗaukar sanda fiye da 14 a jakarsa. Duk lokacin da ya kai wa ƙwallo duka da niyyar bugu, an ƙirga masa ɗaya, ko ya same ta ko ya daki iska. Wanda ya gama zagaye, wato ramuka 18 ɗin duka, da bugu mafi ƙanƙanta shi ya ci. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe: a golf, ƙaramin adadi shi ne nasara.

Shi "par" adadin bugun da aka yanke cewa gwani zai buƙata ne kafin ƙwallonsa ta faɗa rami, idan ya yi wasa ba kuskure kuma yanayi na nan daidai. Ba da ka ake yanke shi ba. Ana ƙirga bugun da gwani ke buƙata ya isa dandali, sannan a ƙara masa biyu na gangara ƙwallo a kan dandalin zuwa cikin rami. Ramin da ake isa dandalinsa da bugu ɗaya par ɗinsa 3 ne. Wanda ke buƙatar biyu, 4. Wanda ke buƙatar uku, 5. Tsawon rami shi ne babban ma'auni. A ƙa'idar da ake aiki da ita tun 2020, ga maza, ramin par 3 ba ya wuce yadi 260, na par 4 yana tsakanin yadi 240 da 490, na par 5 kuma tsakanin 450 da 710. Ga mata adadin ya fi gajarta: par 3 iyakarsa yadi 220, par 4 daga 200 zuwa 420, par 5 daga 370 zuwa 600. Za ka lura iyakokin sun hau kan juna. Da gangan aka yi haka, don masu fili su duba hawa da gangara da lanƙwasar hanya kafin su yanke: rami mai yadi 470 da ke gangarowa daga tudu yana iya zama par 4, mai irin tsawonsa da ke hawa tudu ya zama par 5.

Idan aka tara par na ramuka 18 ɗin, shi ne par na filin gaba ɗaya, kuma wannan jimillar ce ainihin abin da "par for the course" ke nufi a bakin ɗan golf, domin "course" sunan filin ne. Yawanci tana faɗawa tsakanin 70 da 72. Tsarin da aka fi gani shi ne ramuka huɗu masu par 3, goma masu par 4, huɗu masu par 5: 12 da 40 da 20, jimilla 72. Ba dole ba ne sai haka. Tsohon filin St Andrews da ke Skotland, wanda a 1764 aka rage ramukansa daga 22 zuwa 18 har sauran filaye suka bi sahu, yana da par 3 biyu kawai, par 5 biyu, sauran 14 duk par 4, amma jimillarsa 72 ce dai. Wani abin lura: a cikin 72 ɗin nan, 36 duk bugun kan dandali ne, wato rabin lissafin gwani a gangara ƙwallo tazarar 'yan taku yake ƙarewa.

Sauran sunayen duk daga par ake auna su. Wanda ya gama rami da bugu ɗaya ƙasa da par ya yi "birdie", biyu ƙasa "eagle", uku ƙasa "albatross", duk sunaye ne na tsuntsu, ƙarami zuwa babba. Ɗaya sama da par kuwa "bogey" ne.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda lissafin ke kuɓucewa. A gasar Open ta Birtaniya ta 1999 a filin Carnoustie, ɗan Faransa Jean van de Velde ya iso rami na ƙarshe, mai par 4, yana gaba da bugu uku. Ko shida ya yi, kofi nasa ne. Bugun farko ya karkace dama amma ya faɗi wuri mai kyau. Na biyu ya daki ƙarfen rumfar 'yan kallo ya dawo baya cikin doguwar ciyawa. Na uku ya faɗa rafin da ke gaban dandali. Mutumin ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana duba ko zai iya bugawa daga ciki, sannan ya haƙura ya ɗauki tarar bugu ɗaya, wato na huɗu ke nan ba tare da ya taɓa ƙwallo ba. Na biyar ya faɗa kwarin yashi, na shida ya hau dandali, na bakwai ya shiga rami. Uku sama da par. Aka yi kunnen doki tsakanin mutum uku, aka je ƙarin ramuka, Paul Lawrie ya ɗauke kofin.

Par ba matsakaici ba ne

A nan ne furucin ya bar asalinsa. A bakin mai magana ta yau da kullum, "par for the course" na nufin abin da aka saba gani, abin da kowa ke samu. A filin golf kuwa par awon gwani ne, kuma mafi yawan masu buga wasan har su tsufa ba sa gama ramuka 18 a kan par ko sau ɗaya. Akwai tsarin rangwamen bugu da ake yi wa 'yan wasa don mai rauni ya iya karawa da mai ƙarfi: ana duba zagaye 20 na ƙarshe da mutum ya buga, a ɗauki takwas mafi kyau, a fitar masa da lamba. Mai lamba sifili shi ne wanda aka yanka par dominsa. Matsakaicin lambar mazan da ke da rajista a Amurka kusan 14 ce, kuma tun da daga zagayen da suka fi kyau aka fitar da ita, abin da mutum ke bugawa a rana ta yau da gobe ya ɗara haka. Wato ɗan wasa na tsaka-tsaki a filin par 72 yana gamawa ne a tamanin da ɗoriya ko casa'in. Ranar da irin wannan ya yi par a rami guda, murna yake yi.

Haka kuma par ba ya faɗin wahalar fili. Filaye biyu na iya zama par 72 dukansu, ɗaya shimfiɗaɗɗe ba ruwa, ɗayan cike da kwarin yashi da iska daga teku. Don auna wahala akwai wasu lambobi daban, ciki har da wadda ke tashi daga 55 zuwa 155, inda 113 ke matsayin fili mai matsakaiciyar wahala. Sakamakon manyan gasa ya nuna tazarar. Gasa zagaye huɗu ce, ramuka 72. A gasar Masters ta 2020 a Augusta, inda par na zagaye huɗu ya kama 288, Dustin Johnson ya ci da bugu 268, wato 20 ƙasa da par. A gasar Open ta Amurka ta 1974 a Winged Foot, inda jimillar par ta kama 280, Hale Irwin ya ci da 287, bakwai sama da par, kuma babu wanda ya fi shi. A waccan gasar ta Carnoustie ma, mutum ukun da suka yi kunnen doki a kan shida sama da par suka tsaya.

Par ɗin kansa hukuncin mutane ne, ana kuma sauya shi. A gasar Open ta Amurka ta 2000 a Pebble Beach, masu shirya gasa sun mai da rami na biyu daga par 5 zuwa par 4, filin ya sauko daga 72 zuwa 71. Tiger Woods ya buga 272, ya ba na biyu ratar bugu 15. Da an bar par a 72 da an ce ya gama 16 ƙasa da par, da aka rage sai aka ce 12. Ƙwallon da ya buga bai ƙaru ba bai ragu ba, wanda ya ci kuma bai sauya ba.

Inda kalmar ta fito

"Par" kalmar Latin ce mai nufin daidai ko tsara, kuma 'yan kasuwar kuɗi ne suka riga 'yan golf amfani da ita a Turanci. Takardar bashin gwamnati da aka rubuta fam 100 a fuskarta, in ana sayar da ita fam 100, tana kan par. In ta faɗi zuwa 95 tana ƙasa da par, in ta hau 105 tana sama. Masu tarihin golf suna kawo labarin wani marubuci mai suna Doleman wanda a 1870 ya tambayi ƙwararru adadin bugun da wasa mara aibi zai ci a filin Prestwick, mai ramuka 12 a lokacin, aka ce masa 49, shi kuma ya kira adadin par. A gasar Open ta shekarar a wannan fili, Tom Morris ƙarami ya buga 149 a zagaye uku, biyu ke nan sama da 147, wato 49 sau uku. Sai a 1911 hukumar golf ta Amurka ta fitar da tsayayyun iyakokin yadi na yanke par. A Ingila kuwa "bogey" ne ya daɗe yana matsayin ma'auni, adadin da ɗan wasa mai kyau amma ba ƙwararre ba zai buga, kafin ma'anarsa ta koma ɗaya sama da par. A cikin ƙarni na 20 furucin ya fita daga fili ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa riƙe sandar golf ba, kuma abin da suka ɗauka daga cikinsa shi ne adadin da aka riga aka sani tun kafin a fara wasa. Gwanintar da ke ciki suka bar wa 'yan golf.

Yadda ake sa shi a jimla, da yadda ake fassara shi

Furucin ƙafaffe ne. Ba a sa masa "a" ko "the" a gaba, ba a mai da shi jam'i, ba a musanya "course" da wata kalma. Yana zuwa bayan "is" ko "are" ko "was", sau da yawa da ɗan sassauci kamar "about" ko "pretty much" a gabansa, sannan a ambaci wuri ko mutumin da ake nufi. Wannan ambaton yana da muhimmanci, domin kamar yadda kowane fili ke da nasa par, furucin ma kullum a kan wani wuri ko wani mutum takamaimai yake. Baturen da ya ce "Rain in July is par for the course in Scotland" yana nufin ruwan sama a watan Yuli ba baƙon abu ba ne a Skotland, bai ce komai a kan Masar ba. Wanda ya ce "Long hours are par for the course for junior doctors" yana nufin ƙananan likitoci dama sun gaji doguwar tsayuwa a bakin aiki. Matar da ta ce da ƙawarta game da mijinta "He forgot again, which is par for the course" cewa take ya sake mantawa, ai dama halinsa ne.

Misalan nan uku ba su karɓi fassara iri ɗaya ba, kuma haka ya kamata. In ana magana a kan yanayi ko al'adar wuri, "an saba" ko "ba sabon abu ba ne" sun wadatar. In a kan mutum ne, "halinsa ne" ko "ba yau farau ba" sun fi kama ƙorafin da ke ciki, in an so a ƙara gishiri a ce hali zanen dutse. In kuwa a kan wahalar da ke tattare da sana'a ko wani zaɓi ne, karin maganar da ta fi dacewa ita ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai a kula, rariya tana ɗora wa mai ƙorafi ɗan laifi, tana ce masa kai ka saya. Furucin Turancin ba lallai ya ɗora laifi ba, sau da yawa mai maganar da kansa abin ya shafa, yana haƙuri ne kawai. A labarin jarida, inda ba a son a sa wa mai magana abin da bai faɗa ba, "abin da aka saba gani ne" ya fi aminci ko da ya fi lami.

Akwai wuraren da furucin ke jawo matsala. Na farko wajen yabo. Nahawu bai hana a ce ɗaliba ta sake zuwa ta ɗaya kuma hakan "par for the course" ne gare ta ba, ana ma faɗin haka, amma tun da kunnen Bature ya saba jin furucin tare da ƙorafi, in ba a bayyana yabon a fili ba yana iya fitowa kamar an raina ƙoƙarin. Shugaban da ya faɗa wa ma'aikacinsa haka a kan rahoton da ya kwana yana rubutawa bai yaba masa ba. Na biyu wajen jaje ko ta'aziyya. Bahaushe na iya zaton furucin daidai yake da "haka duniya take" ko "sai haƙuri", ya faɗa wa abokin aikinsa Bature da aka yi wa rasuwa ko aka kora daga aiki. Ba daidai suke ba ko kusa. Namu rarrashi ne, nasu ɗaga kafaɗa ne, wanda aka faɗa wa kuma zai ji kamar an ce masa to sai me. Na uku, ba a faɗinsa a kan abin da bai taɓa faruwa ba, dole akwai tarihin maimaituwa a baya.

Sai kuskuren kunne. Mutane da yawa, har da waɗanda Turanci ne harshen uwarsu, suna jin "part of the course" ko "part for the course" su rubuta haka. Ga wanda ya san "course" a matsayin kwas na makaranta, kuskuren yana da saurin shiga, har ya fassara da cewa abin yana cikin manhaja. Ma'anar ba ta yi nisa ƙwarai ba, shi ya sa kuskuren ke daɗewa ba a gyara ba, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki za a ja masa jan biro.

Tarkon "below par"

Wannan ne ya fi kama masu fassarar labarin wasanni. A Turancin yau da kullum, "below par" da "subpar" da "not up to par" duk suna nufin abu bai kai yadda ake so ba. Abincin otal in an ce "subpar" ne, bai yi daɗi ba. Mutum in ya ce yana jin kansa "below par", jikinsa ne ba daɗi. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa in an ce wasanta "below par" ne, ba ta taɓuka abin kirki ba. A golf kuwa ƙasa da par shi ne abin da kowa ke nema. Dalilin saɓanin shi ne waɗannan furucin ba daga golf suka fito ba, daga kasuwar kuɗi suke, inda takardar da ta faɗi ƙasa da abin da aka rubuta a fuskarta ta yi asara. Haka "on a par with", wato daidai da wani abu a daraja, ita ma ba ta taɓa shiga filin golf ba. "Par excellence" kuma daga Faransanci take, wata kalma ce dabam da ta yi kama a rubutu kawai.

Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a nemi lamba. In an ce "three under par" ko "five over par", lissafin golf ne, na farko ya yi kyau, na biyu ya yi muni. A allon sakamako ana rubuta na farko da alamar ragi, -3, a gasar Masters ma da jan launi, don haka wanda ke da ragi mafi girma shi ke kan gaba. Mai fassarar da ya ga Tiger Woods ya gama gasar Masters ta 1997 a 18 ƙasa da par ya rubuta cewa bai yi ƙoƙari ba, ya juya labarin kai ƙasa, domin a shekarar ya ci kofin da ratar bugu 12. In babu lamba kuma ba a filin golf ake ba, ƙasa da par kasawa ce.

Golf ya ba Turanci wasu kalmomin da su ma suka manta gida. "Mulligan" dama ce ta sake bugun farko ba tare da an ƙirga wanda ya lalace ba. Babu ita a dokar wasa, abokai ne ke yi wa juna alfarma, a Amurka kuma ana faɗinta a kan duk wata dama ta biyu. "Tee up" ɗora ƙwallo ne a kan ƙusa, a ofis kuma shirya wa wani magana ko taro yadda zai zo ya same shi a sauƙaƙe. Wadda ta fi nisa da asalinta ita ce "stymie", da jaridu ke amfani da ita kullum in an ce majalisa ta toshe wa shugaba hanya ko ƙarancin kuɗi ya tsayar da aiki. A tsohuwar doka, in ƙwallon abokin karawarka ta tsaya tsakanin taka da rami a kan dandali, kuma tazarar ƙwallayen biyu ta wuce inci shida, ba a ɗage tasa. Ko ka kewaye ta, ko ka ɗaga taka ta tsallake. An soke wannan doka a 1952, yanzu ana sa alama a ɗauke ƙwallon da ta tare hanya.